Kama da wane ba ta wane: tarihin Super Mario Bros. da magadansa

A ranar 13 ga watan Satumba na 1985, kamfanin Nintendo da ke birnin Kyoto, a ƙasar Japon, ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna Super Mario Bros. Kamfanin tsoho ne, domin tun 1889 aka kafa shi, yana buga katin wasa mai zanen furanni. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka ne suka tsara sabon wasan, Koji Kondo kuma ya yi masa kiɗa. Labarin gajere ne: wani guntun mutum mai gashin baki yana gudu yana tsalle daga hagu zuwa dama, ta cikin ƙasashe 8 masu matakai huɗu-huɗu, don ya ƙwato gimbiya daga hannun wani dodon kunkuru. An sayar da kaset fiye da miliyon 40, da yawansu tare da na'urar da ake haɗawa da talabijin. A Amurka, inda kasuwar irin waɗannan wasanni ta durƙushe a 1983, yana cikin abubuwan da suka tashe ta.

Wanda ya yi irin wannan suna dole a nema masa magaji. Sai dai kafin mu auna magadan, ya kamata mai karatu ya san abin da aka bar musu.

Babban gadon wasan farko shi ne yadda yake koyarwa ba tare da rubutu ba. Da an kunna, Mario yana tsaye a gefen hagu, gabansa fili ne fetal, don haka ko yaron da bai iya karatu ba zai nufi dama. Sai ga wata ƴar halitta ta tunkaro shi a hankali. In ya tsaya ta kashe shi, ya sake farawa, bai yi hasarar komai ba sai rai ɗaya da ƴan daƙiƙu. A karo na biyu zai yi tsalle. A sama akwai tubali mai alamar tambaya. In ya buge shi da ka, naman kaza ya fito, ya gangara, ya bugi wani bututu, ya juyo kansa. An tsara wurin yadda da wuya ya kauce masa, kuma da ya taɓa shi sai ya ga ya ƙara girma. Cikin minti guda ya gane maƙiyi, ya gane masoyi, ya koyi tsalle. Duk wannan an cusa shi ne cikin kaset mai kilobait 40 kacal, har ma zanen gajimare da na ciyayi ɗaya ne, launi kawai aka sauya.

Magaji na farko ya fito a Japon a watan Yuni na 1986 da sunan Super Mario Bros. 2, ƙarƙashin jagorancin Tezuka. A ido kusan ba a bambanta shi da mahaifinsa: zane iri ɗaya, kiɗa iri ɗaya. Amma an yi shi ne don waɗanda suka riga suka gama na farko. Tun a matakin farko akwai naman kaza mai guba, wato abin da aka koya wa mai wasa ya amince da shi ya koma tarko. Akwai iska mai ture mutum yana tsakiyar tsalle, akwai kuma ɓoyayyun hanyoyi da ke mayar da shi baya maimakon su kai shi gaba. Gwanaye sun ji daɗinsa, amma sabon shiga ba shi da ƙofa. Reshen kamfanin na Amurka ya ga wahalarsa ta yi yawa, ya ƙi fitar da shi. Sai a 1993 mutanen Amurka da Turai suka same shi, cikin tarin Super Mario All-Stars, da sunan The Lost Levels.

Magaji na biyu aro aka yi. A 1987 Nintendo ya yi wa gidan talabijin na Fuji wani wasa mai suna Doki Doki Panic, saboda wani biki da gidan ya shirya. Jarumansa iyali ne na mutum huɗu masu shigar Larabawa, Kensuke Tanabe ne ya jagoranci aikin. Wannan wasa aka ɗauka, aka maye gurbin mutanen huɗu da Mario da Luigi da Toad da gimbiya, aka fitar da shi a Amurka a 1988, shi ma da sunan Super Mario Bros. 2. A nan taka kan maƙiyi ba ya kashe shi. Sai dai a ɗaga shi a jefa, ko a tuge kayan lambu daga ƙasa a jefe shi da su. Kowane jarumi da halinsa: Luigi ya fi tsalle, gimbiya tana ɗan shawagi a iska, Toad ya fi saurin ɗaukar kaya. A ƙarshe sai a ga Mario kwance yana barci, ashe mafarki ne. Wasan ya karɓu, an sayar da fiye da miliyon 7, kuma wasu halittunsa, irin su Shy Guy da Birdo, sun zauna cikin zuriyar har yau. A 1992 ya koma Japon da sunan Super Mario USA. Baƙo ne da aka naɗa wa rawanin gida, ya kuma riƙe shi da mutunci, ko da yake tafiyarsa ba irin ta gidan ba ce.

Magaji na uku, Super Mario Bros. 3, ya fito a Japon a watan Oktoba na 1988, ya isa Amurka a 1990, Turai kuma a 1991. Kamanninsa sun yi nisa da na farko. An kawo taswira wadda mai wasa ke zaɓen hanyarsa a kanta, an bai wa kowace ƙasa halinta, daga hamada zuwa ruwa, zuwa ƙasar ƙatti da ta ƙanƙara. Ana iya komawa baya cikin mataki, abin da wasan farko ya hana. Amma a duba matakinsa na farko. An ba Mario wani ganye da ke fitar masa da wutsiya, sannan aka shimfiɗa masa fili mai tsawo da zai yi gudu a kai, a ƙarshen filin kuma aka jera kuɗin zinariya suna hawa sama. Ba wanda ya ce masa zai iya tashi. Kwaɗayin kuɗin ne ke kai shi cikin gajimare. Darasin 1985 ke nan aka sake bayarwa da sabon abu. An sayar da fiye da miliyon 17.

Waɗanda suka biyo baya wannan hanya suka bi. Super Mario World na 1990 ya kawo Yoshi, dabbar da ake hawa, da damar adana inda aka tsaya. Super Mario 64 na 1996 ya fitar da Mario daga tafiyar hagu zuwa dama, ya sa shi cikin fili mai zurfi da faɗi, kuma abin da ya fara yi shi ne ajiye mai wasa a farfajiyar fada inda babu maƙiyi ko ɗaya, ya yi ta gudu da tsalle har hannunsa ya saba. A 2006 New Super Mario Bros. ya koma ga tsohon salo, haka ma Super Mario Bros. Wonder na 2023.

In muka ɗora su a sikeli, na 1986 ya gaji fuska da murya, ya bar hali. Na Amurka ya gaji suna, ya zo da nasa hali. Na uku ya sauya fuska, ya riƙe abin da ya sa aka so mahaifin, wato haƙurin jan sabon shiga daga sauƙi zuwa wuya ba tare da ya ji an raina shi ba. Shi ya sa har yanzu, in ana lissafin wasannin da suka fi kyau a tarihi, sunansa ke yawan fitowa kusa da na farko.

Malamin da ya gaji darasi mai kyau daga wanda ya gabace shi, da ƙungiyar da ta gaji wasan kwaikwayo ko bikin da ya yi suna, duk suna tsaye gaban wannan zaɓi. Suna iya maimaitawa su ƙara tsanani don burge waɗanda suka riga suka sani. Suna iya aro daga waje su liƙa tsohon suna. Suna kuma iya zama su binciki dalilin da ya sa na farko ya shiga ran mutane, su tuna cewa kowace shekara akwai yaron da yau ne ranarsa ta farko.