Tarihin Sha'awar Tara Kan Sarki

Ranar da muke kwashe kayan marigayi mahaifinmu a Sabon Ibadan, na ci karo da wata tsohuwar adaka maƙil da wasiƙun da 'yan uwa suka riƙa aiko masa daga Kano. Ƙanena ya ce a ƙona su kawai. Ni kuwa na hana, saboda kan sarkin da ke manne a jikin ambulan ɗin.

Kan sarki na farko a duniya ya fito ne a Ingila, aka fara aiki da shi ranar 6 ga Mayu, 1840. Baƙi ne, kuɗinsa kwabo ɗaya, shi ya sa ake ce masa Penny Black. Rowland Hill ne ya kawo shawarar. Kafin nan, yawanci mai karɓar wasiƙa ke biya. Hoton kan Sarauniya Biktoriya ne a jikinsa, daga baya aka riƙa sa na sarakunan da suka gaje ta, inda sunan da muke kiransa da shi ya samo asali ke nan.

Ba a jima ba mutane suka fara tarawa, yara da manya. A 1862 Justin Lallier ya fitar da littafin adana kan sarki a Faris, a 1865 kuma Stanley Gibbons ya fara buga jerin farashinsu a Ingila. Sarki Joji na Biyar ma gwanin tarawa ne.

Abin da ke sa kan sarki tsada shi ne ƙarancinsa, da kuskuren bugu, da yadda aka adana shi. Akwai wani na Giyana ta Ingila, na 1856, ƙwaya ɗaya tak ya rage a duniya. A 2014 an sayar da shi kusan dala miliyan tara da rabi a Niyok.

A nan gida, Legas ta samu nata a 1874, Arewa a 1900, Kudu a 1901. Bayan haɗewar 1914 aka fara buga mai ɗauke da sunan Najeriya kaɗai.

To, jama'a, kada wani ya ɗauka duk tsohon kan sarki dukiya ne. Mafi yawansu an buga su da yawa, ba su da wani kuɗi. Amma kada a yage su daga ambulan, domin hatimin gidan waya na nuna gari da ranar da aka aiko wasiƙar. A ajiye su inda babu laima, kuma kada a sa musu gam. Daga irin wannan hatimin ne muka gane shekarar da mahaifinmu ya fara zama a Ibadan, abin da shi kansa bai taɓa faɗa mana ba.