Hukuncin Karɓar Katin Bashi Don Gina Kyakkyawan Tarihin Biya

Tambaya:

Ni ɗan kasuwa ne a Kiyawa, ina sayen hatsi a kasuwar Shuwarin ina kaiwa Dutse. An ce mini banki ba ya ba mutum jari sai ya duba tarihin biyan bashinsa, kuma wai in karɓi katin bashi in riƙa biya kafin a ɗora mini ruwa. Shin wannan ya halatta?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Na farko: ka sani, ɗan'uwa, cewa a Najeriya akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke tattara bayanan masu cin bashi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna suna aika musu labarin abin da ka ci da yadda ka biya, kuma lambar BVN da aka fara a 2014 ta sa canza banki ba ya ɓoye tsohon bashi. Neman suna mai kyau a wannan rajista ba laifi ba ne, domin shaida ce ta riƙon amana.

Na biyu: katin bashin da aka sharɗanta biyan ruwa idan an yi jinkiri bai halatta ka karɓa ba, ko da ka ƙudurta biya a kan lokaci. Wannan shi ne abin da Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zartar a zamanta na Riyad a shekarar 2000. Dalili kuwa, sa hannunka yarda ce da sharaɗin riba, wadda Allah Ya haramta a Suratul Baƙara, aya ta 275. Sannan ba ka da tabbacin gobe: farashin gero na iya faɗuwa, ko wanda ka ba kaya ya riƙe maka kuɗi. Amma katin ATM da kake cire kuɗinka da shi, babu laifi a kansa.

Na uku: kana iya gina tarihinka ta hanyar halal:

1. Yi mu'amala da bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, ko TAJ da ya fara a 2019. A cinikin murabaha banki ne zai sayi kayan, ya sayar maka da ribar da kuka sani, ka biya kashi-kashi.

2. Fara da kaɗan, gwargwadon abin da cinikinka zai ɗauka.

3. Biya kafin wa'adi ya cika. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mai hali ya ja wa mai binsa rai zalunci ne.

4. Rubuta kowane bashi, ko tsakaninka da abokin cinikinka ne, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni.

5. Nemi rahotonka. Dokar 2017 ta ba ka damar karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara. Idan ka ga kuskure, ka nemi a gyara.

6. Guji manhajojin waya masu ba da rancen gaggawa da ruwa.

Idan kuwa ka riga ka karɓi katin, ka biya abin da ke kanka, ka rufe shi, ka tuba zuwa ga Allah.

Allah ne Mafi sani.