Sanƙarau da Maganar Hannu a Ƙasar Muniyo

Da hunturu ya kama a Gure ta ƙasar Muniyo, a kudancin Nijar, ƙura ta rufe duwatsun Kutus, iyaye mata sukan sa wa yara ido sosai. Zazzaɓi da ciwon kai, sai wuya ya sanƙare. Yaron da ya tashi daga wannan ciwo na sanƙarau wani lokaci yakan tashi ba ya ji: uwa ta kira sunansa daga bayansa, bai waiwayo ba. Ƙwayar cutar takan ratsa can cikin kunne ta lalata inda sauti ke shiga jijiya, kuma abin da ya lalace a nan ba ya gyaruwa.

A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da sanƙarau ke kewayowa a Afirka, kuma kudancin Nijar na tsakiyarsa. Annobar 1995 ta kwantar da dubban mutane a ƙasar, ta 1996 ta yi ɓarna a Kano. Shekaru da yawa lissafin hukuma bai wuce waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu ba. Sai a 2013 Jean-François Jusot da abokan aikinsa na cibiyar CERMES ta Yamai suka fitar da binciken da ya bi sawun waɗanda suka warke, suka tarar kusan ɗaya cikin uku jinsa ya ragu. Waɗannan su ne aka sallama daga asibiti da sunan sun samu sauƙi.

Amma kurame ba su zauna jiran likita ba. Tun kafin boko akwai maganar hannu a ƙasar Hausa, wadda yaro ke ɗauka wajen manyan kurame, a kasuwa ko a dandali da yamma. Constanze Schmaling, masaniyar harsuna daga Jamus, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta kuma buga littafinta Maganar Hannu a 2000. Ta nuna cewa harshe ne cikakke mai tsarinsa: siffar hannu, inda aka ɗora shi a jiki, yadda ya motsa, da abin da fuska ke yi, kowanne na iya sauya ma'ana. Ta kuma lura da abin da mu ƴan gida muka saba gani har muka daina lura da shi, wato masu ji ba sa jin nauyin yi wa kurma magana da hannu. Mahauci zai yi ciniki da shi da yatsu, tela zai gwada shi su daidaita kan ranar karɓar ɗinki. Kuramen Kano har sarkinsu gare su, kamar yadda makafi ke da nasu. A gari irin Gure, inda Manga da Bahaushe da Tubu da Bafillace da Buzu ke cin kasuwa ɗaya, hannu ya daɗe yana cike giɓin da baki ya bari.

Makaranta ta zo da wani harshen. Andrew Foster, kurma baƙar fata daga Amurka wanda shi ma sanƙarau ne ya ɗauke masa ji yana yaro, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, sannan a Ibadan a 1960. Alamun Amurka suka bi ɗalibansa suka bazu, a ƙasashen da Faransa ta raina kuma aka haɗa su da Faransanci. A Kano an buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977. Alherin makarantun ba ya musuntuwa, sun ba kurame karatu da rubutu. Sai dai abin takaici ne yaro ya dawo hutu da alamun da uwarsa ba ta gane ba, yana ganin maganar hannun gidansu ta ƴan ƙauye ce.

Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Nijar a 2010 ta karya lagon nau'in cutar da ya fi yin annoba, amma wasu nau'o'in sun taso. Daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Gure na cikin gundumomin da cutar ta taɓa. Cikin waɗanda suka tashi akwai yaran da ya kamata a gwada jinsu tun a makonnin farko, a kuma koya wa iyayensu hannu tare da su.