Bakan Talaka a Bakin Dajin Rugu

A ƙarni na 19, ƙasar da muke kira Batsari da Safana a yau bakin daga ce. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunanta ta yi arewa, ta kafa mulki a Maraɗi, daga can kuma ta riƙa kawo hari. Dajin Rugu na cikin hanyoyin maharan, Ruma kuma na cikin garuruwan da nauyin tare su ya hau kansu. Har yau Sarkin Ruma ake kiran hakimin Batsari. Maroƙa sun riƙe sunan barde irin Ɗanwaire, amma akasarin waɗanda suka tsaya a bayan ganuwa manoma ne da maharba da ba su mallaki doki ba. Makaminsu baka ne.

Doki da sulke da lifidi sai mai hali ko yaron sarki. Baka kuwa daji ke bayar da shi. Mutum zai nemi reshe miƙaƙƙe na itace mai danƙo, irin dargaza, ya sare, ya ɓare, ya bar shi ya bushe a inuwa don kada rana ta tsaga shi. Sai sassaƙa, wadda ita ce ainihin gwanintar: a bar tsakiya da kauri, a rage bakin biyu kaɗan-kaɗan har su lanƙwashe daidai da juna. In ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kibiya za ta kauce. Ana gasa itacen a wuta a tanƙwara shi, a shafe shi da mai, sannan a ɗaura tsarkiya ta murɗaɗɗiyar fata. Kibiyar kyauro ce mara gashi, maƙeri ya ƙera mata kai mai kunnuwa yadda ba ta zaruwa sai da yanka.

A gaskiya wannan baka bai da ƙarfin cin dogon zango. Ƙarfinsa na cikin dafi, wanda ake dafawa daga ƙwayar kwankwani, mai tsayar da bugun zuciya. Ƙwarzane ya wadatar. Shi ya sa barde mai lifidi ke shakkar ɗan baka da ke laɓe a kurmi. A Tabkin Kwatto, a 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu ne suka karya dawakin Yunfa Sarkin Gobir. Ko a Burmi, a Yulin 1903, inda igwa da bindiga mai ruwa suka yi rinjaye, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran sojan Turawa.

Daga nan baka ya koma kayan farauta da na makiyaya, bindigar toka kuma ta yi ta ture shi. Abin da ya fi damuna shi ne ilimin da ke bayansa. Ba a rubuce yake ba. A daji ake koyonsa, babba na gaba yaro na biye, ana nuna masa itacen da za a sara da lokacin saransa. Tun da 'yan bindiga suka mayar da Rugu mafaka, shiga neman reshe ya zama kasada da rai. Yaran ƙauyukan da a da za su bi maharba, yanzu wasu na gudun hijira a cikin garin Batsari, wasu sun shiga rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a Oktoban 2023, inda bindiga ake koya musu.