Garka da abin da ke ɓoye cikin ƙasarta



Ni ban ga yunwar 1984 ba, wadda mutanenmu ke ce ma El Buhari. Daga bakin baba na ji ta. Damana ta lalace, rumbuna sunka kasance wayam, samari sunka watse. A shekarar nan ce gwamnatin Seyni Kountché ta matsa ma talakawa su shiga noman rani. Anka gina rijiyoyi cikin fadamu, anka raba irin shu, da salati, da karoti, da dankalin turawa. Garka kam ba baƙuwa ba ce gare mu, kakanninmu na ban ruwa ga albasa da taba tun kafin zuwan nasara. Amma daga lokacin nan ne ta zama abin kowa.

Abin da ya tsaya mani a rai cikin labarin baba shi ne wanga: ya ce wanda ya zauna gindin bango shina lissafin hatsin da babu, shi ne ya fara karaya. Su da ke wuni cikin laka da guga a hannu, ko da ciki bai cika ba, da dare suna samun barci.

Na daɗe ina ɗaukar wannan maganar tsofaffi ce kurum, sai da na karanta wani tarihi. Ƙasa cike take da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda muke koya ma yaran lakkwal da sunan mikorob. Ƙamshin nan da ke tashi ranar ruwan farko, wasunsu ne ke yin shi. Daga danginsu ne Albert Schatz da malaminshi Selman Waksman sunka fitar da streptomycine a Amurka cikin 1943, maganin farko da ya kayar da tarin fuka.

A farkon shekarun 1970, wani likitan Ingila, John Stanford, ya lura cewa lambar BCG ta fi kare mutane daga kuturta a Uganda bisa wasu wurare. Ya ɗebi ƙasar bakin tabkin Kyoga, ya sami wata ƙwaya cikinta mai suna Mycobacterium vaccae. Sunan daga saniya ya fito, don cikin kashin shanu anka fara ganinta. Cikin 2004 wata likita a Landan, Mary O'Brien, ta bayyana sakamakon allurar mataccen wannan ƙwaya ga masu ciwon daji na huhu. Kwanansu bai ƙaru ba, amma sun ce sun fi jin ƙarfi da sauƙin rai. Cikin 2007 kuma Christopher Lowry ya gwada ta bisa ɓeraye a Bristol, ya ga tana motsa wurin da ke yin serotonine cikin ƙwaƙwalwa, abin da ke da hannu cikin kwanciyar hankali.

To, a nan sai mu yi hattara. Ɓera ba mutum ba ne, allura kuma ba kaftu ba ce. A ganina, barcin su baba ya fi zuwa daga gajiyar aiki, da hira bakin rijiya, da ganin tsiro ya fito lokacin da komi ke mutuwa. Ƙasar nan kuma ita ce gidan tetanos. Wanda kwasa ta sare shi ya wanke ciwon, ya tafi likita, kada ya tusa mashi turɓaya yadda munka saba.

Yau yawancin rijiyoyin 1984 na fadamarmu sun rufta, kuma na ji wasu daga cikinku na Yamai da Abijan na neman mai sayen gadonsu a can. Tsofaffin da ke riƙe da garakan ba su kai goma ba. Na roƙi shugaban ƙungiya ya sa maganar yashe rijiyoyin cikin taron bayan salla, kafin a yi cinikin ko ɗaya.