Taliya Da Iyakar Lolo

Da yawa na danganta sunan taliya da ƙasar Italiya, wadda ta mamaye Tarabulus a 1911, garin da fataken Kano suka daɗe suna hulɗa da shi. Mu nan Bagudo kuwa, 'yar murji iyayenmu suka sani: a kwaɓa fulawa, a murza a inji, a shanya a igiya, a ci da manja da yaji. Ta leda sai an yi baƙo. Kayan Kwatano da ke shigowa daga Malanville ta Lolo su suka sa ta yi araha. Da gwamnatin Buhari ta rufe iyaka a Agustan 2019, farashi ya tashi, masu abincin bakin tasha suka rage hannu, mahaifiyata kuma ta zaro injinta daga ƙarƙashin gado.