Duwatsun Malbaza da hoton baƙi da fari

Wani zai ce mi ya haɗa mutumin Ƙonni da hoton bakin teku? Ku yi haƙuri ku ji.

A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edward Weston ya fara ɗaukar hotuna a Point Lobos, gaɓar tekun Kalifoniya. Ba ya neman sarki ko amarya. Duwatsun da ruwa ya sassaƙa, saiwar itace da ciyawar teku, su ya sa gaba, da ƙatuwar kyamara mai ƙafa uku, fim ɗaya hoto ɗaya. Can kuma ya ɗauki hotonsa na ƙarshe a 1948, lokacin da ciwon karkarwa ya ci ƙarfinsa. Tun da babu launi, ido ba ya da abin kallo sai tsaga, inuwa da kaushin dutse. Kuma azurfa ce ke riƙe hoton bisa takarda, shi ya sa in an wanke shi da kyau yake daɗewa, alhali na kala ya koɗe tuni.

Nan wajenmu fim ɗin ya bi mutane ne. Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako, Philippe Koudjina a Yamai cikin shekarun 1960 da 1970: samari, 'yan rawa, manyan riguna. Ban ga laifinsu ba, wanda ya biya kuɗi shi ake ɗauka, dutse kuwa ba ya biya. Da injinan wanke hoton kala suka shigo wajen shekarun 1980, ɗakin duhu ya mutu.

To amma fa muna da namu bakin teku, sai dai ruwan ne ya tafi. Farin dutsen da ake fasawa a Malbaza don yin siminti tun shekarun 1960, ƙarƙashin wani teku ya taru, kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, sa'ad da ruwa ya ratso Sahara. Har yau ana tsintar kwanson halittun ruwa a cikinsa, kamar yadda ake samu a Kalambaina ta Sakkwato. Kowace tirela ta fita, da su take tafiya a niƙe.

Saboda haka masu tsofaffin hotuna cikin adaka, ku duba bayan mutanen da ke tsaye: tudu, gawo, giginya, tabki. Kada ku haɗe su cikin leda lokacin damina, suna mannewa. Ku ɗauke su da waya ku turo, tare da sunan wurin da shekarar.